PLC ɗinka ba aljanu gare shi ba, wayoyinka ne a cakuɗe

Toh jama'a, duk mai aikin fanel, wato akwatin na'urorin sarrafa wuta, a masana'antu nan Jos ya san wannan, inji na tafiya lafiya lau, da an tada inbata, wato na'urar da ke sarrafa gudun moton lantarki, sai karatun sensa mai awo ya kama rawa ko PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa inji, ya yanke magana da allon kula. Oga ya ce a sayo sabo, a saka, gobe ma haka. Yawanci hayaniyar lantarki ce ke shiga wayar sigina.

Abin da na fi gani shi ne a zuba wayar moto da ta sensa a tiren shimfiɗa wayoyi ɗaya a ɗaure su tamau wai don aiki ya yi kyau a ido. Inbata fa tana kunna wuta tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, wayar da ta fito daga cikinta ta zama eriya mai watsa hayaniya kenan, ita kuwa tamokopul, wato sensar auna zafi, 'yar wuta ta milibolt take bayarwa, ina za ta iya? Raba su, ka ba da tazara kamar santimita 30, in dole sai sun haɗu su gitta juna kamar alamar tarawa, kar su jera. In tafiyar da nisa, siginar 4-20mA ta fi ta 0-10V juriyar hayaniya.

Sai ragar ƙarfen nan da ke lulluɓe da waya don tare hayaniya. Wani ya yanke ya yar, wani ya murɗe ta kamar jelar ɓera ya ɗaura a noti, duk ɓata aiki ne. Ta wayar moto a matse ta zagaye da maƙali a bakin inbata da bakin moto duka, ta sensa kuma galibi gefen fanel kaɗai ake haɗa ta da ƙasa don kar wuta ta riƙa kewaya ta cikinta. Kuma a kankare fenti tukuna, ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Atin kuwa, wato hanyar sauke wuta cikin ƙasa, garin nan dutse ne, a kafa sanda ɗaya a ce an gama, da rani ƙasa ta bushe ƙamas, da damina ga tsawa. A auna da mita, kar a yi kintace.

RS-485, wato layin da na'urori ke magana da juna ta kansa, resista mai om 120 yake so a farkon layin da ƙarshensa kawai, ba kan kowace na'ura ba. Koyil ɗin kontakta, wato makunnin da ke ɗaukar babbar wuta, a sa masa sinoba mai shanye zaburar wuta idan an kashe shi, in na DC ne a sa diyod a madadinta. Mai walda kuma, don Allah malam, maƙala atin ɗinka kusa da inda kake walda, ba can jikin fanel ba.