Ƙiba da tiyatar rage mama: abin da za ki daidaita kafin a sa miki rana

Macen da girman mama ya sa mata ciwon baya da na wuya, igiyar rigar mama ta yi mata rami a kafaɗa, ƙarƙashin maman kuma kullum a jiƙe yana ƙaiƙayi, idan ta je wurin likitan tiyata, abin da zai fara yi shi ne ɗora ta a kan sikeli. Mata da yawa ransu yana ɓaci idan aka ce su je su rage ƙiba su dawo. Amma likitan yana da hujja: nauyin jiki na daga cikin manyan abubuwan da ke nuna ko ɗinkin zai kama lafiya ko zai buɗe.

Ki fara da lissafin BMI, ma'aunin da ke kwatanta nauyi da tsawo. Ki ninka tsawonki na mita da kansa, ki raba nauyinki na kilo da abin da ya fito. Mace mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 90 za ta raba 90 da 2.56, ta samu kusan 35. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗan wuce kima, daga 30 an shiga ƙiba, daga 40 kuwa ƙiba ce mai tsanani. Likitoci ba su tsaya a kan iyaka ɗaya ba. Wasu sun fi son ƙasa da 30, wasu suna karɓa har 35, a asibitocin gwamnatin Ingila kuma ƙa'idar ita ce ƙasa da 27, kuma nauyin ya tsaya a haka wata 12.

Akwai masu cewa ai maman ne ya ƙara musu nauyi. Ko da za a cire kilo ɗaya a kowane ɓangare, wanda aiki ne babba, BMI na matar can ba zai sauka da cikakken maki ɗaya ba. Idan tana so ta koma ƙasa da 30, sai nauyinta ya dawo ƙasa da kilo 77.

Me ya sa ƙiba ke kawo matsala? Kitse ba shi da wadatar hanyoyin jini kamar tsoka, kuma da jini rauni ke warkewa. A salon yankan da aka fi yi wa manyan mama, ana zagaye baƙin kan nono, a sauko a miƙe, sannan a bi lanƙwasar ƙarƙashin mama. Inda layin tsaye ya haɗu da na kwance, nan fatar ta fi ɗaurewa kuma jini ya fi ƙaranci, nan ne ɗinki ya fi buɗewa. Ga gumi, ga gogayya da fatar ciki, sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Yawanci ƙaramin rauni ne da wanki da bandeji ke warkarwa cikin makonni, sai dai yana barin tabo mai faɗi. Ga masu baƙar fata wannan abin dubawa ne, domin raunin da ya daɗe bai warke ba ya fi saurin zama tabo mai tudu. Idan hujin kunne ko wani tsohon yanka ya taɓa yi miki irin wannan tudun, ki nuna wa likita tun zuwan farko.

Wani lokaci kitsen da jini bai isa gare shi ba yakan mutu a ciki ya dunƙule ya yi tauri, har ki zaci wani mugun ƙari ne sai an yi hoto. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kan nono. Yawanci likita ba ya yanke shi. Yana barinsa manne da wani yankin nama mai ɗauke da jijiyoyinsa, ya ɗaga shi zuwa sabon mazauni. Iya girman mama da zubewarsa, iya tsawon wannan naman, iya wahalar da jini zai sha kafin ya kai ƙarshe. Idan bai kai ba, kan nonon yana iya yin baƙi ya mutu, wani sashe ko duka. Shi ya sa a mama mai girma ƙwarai akan cire kan nonon a dasa shi kamar dashen fata, kuma wadda aka yi wa haka ba za ta shayar ba, yawanci jin taɓawa ma yakan tafi. Wadda ba ta gama haihuwa ba, ta tambayi likita ko za ta iya shayarwa kafin ta sa hannu a takarda.

Cikin haɗuran da ke iya taɓa rai, biyu ne ya kamata ki sani. Na farko gudan jini a jijiyar ƙafa wanda kan ɓalle ya toshe huhu. Ƙiba, daɗewa a gadon tiyata da kwanciya bayan aiki duk suna ƙara shi, haka ma ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, wadda akan ce a dakatar mako 4 kafin babban aiki, a koma wata hanyar. Na biyu numfashi. Idan kina minshari mai ƙarfi, ko maigida ya ce numfashinki na ɗaukewa cikin barci, ki gaya wa likitan da zai sa ki barci.

Wajen rage nauyi, ki bi a sannu: rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Matar misalinmu tana buƙatar zubar da kilo 14, wato kamar wata bakwai idan rabin kilo take saukewa. Ki rage yawan tuwo, shinkafa da taliya, ki bar lemon kwalba da zoɓo ko kunun da aka cika wa suga, amma kada ki rage ƙwai, wake, kifi, nama da awara, don su ne kayan da jiki zai ɗinke rauni da su. Wadda ta horar da kanta da yunwa ko shayin rage ƙiba takan iso asibiti da ƙarancin jini, ɗinkinta kuma ya ƙi kamawa duk da sikeli ya sauka. Idan nauyin mama ya hana ki tsalle da gudu, tafiyar minti 30 da rigar mama mai faɗin igiya ta wadatar.

Bayan kin kai inda kike so, ki tsaya a nan kamar wata shida kafin aiki. Idan aka yi miki tiyata sannan kika zubar da kilo goma, maman zai saki ya zube. Idan kika ƙara, zai sake cika. Wadda aka yi wa tiyatar rage tumbi, wato ƙanƙantar da jakar abinci don rage ƙiba, takan jira wata 12 zuwa 18 har nauyinta ya daina sauka. Kitsen gefen hamata kuma ba mama ba ne, zai fi fitowa fili bayan aiki in ba a zuƙe shi daban ba.

Akwai abubuwan da mata kan ɓoye wa likita, kuma suna iya yin illa ƙwarai. Maganin ƙara ƙiba irin su sha-ka-fashe sau da yawa yana ɗauke da deksametason, wanda ke hana rauni warkewa ya kuma ɗaga suga. Kada ki yanke shi rana ɗaya idan kin daɗe kina sha, likita ne zai rage miki a hankali. Man bilicin mai irin wannan sinadarin yana sa fata ta yi siriri ta kasa riƙe zare. Sigari da shisha suna matse hanyoyin jini, a bar su aƙalla mako 4 kafin aiki da bayansa. Masu allurar ciwon suga ko ta rage ƙiba irin su Ozempic ko Wegovy su faɗa, domin tana jinkirta fitar abinci daga ciki, abin da kan jawo amai ya shiga huhu lokacin da aka sa mutum barci.

A duba hawan jini, yawan jini da gwajin HbA1c mai nuna yadda suga ya kasance a wata uku da suka wuce. A warkar da ƙurajen ƙarƙashin mama tukuna. Mai shekara 40 ko fiye, ko wadda aka yi sankarar mama a danginta, ta nemi hoton mama. Ki tabbata ƙwararren likitan gyaran jiki ne zai yi aikin, a asibitin da ke da likitan sa barci.

Bayan aiki, ki tashi ki taka tun ranar ko washegari, ki sa safar matse ƙafa, ki karɓi allurar tsinka jini idan an rubuta miki. Ƙarƙashin mama ya zauna a bushe, rigar tallafin kuma ta zauna a jikinki kamar mako shida. Ki koma asibiti nan take idan mama ɗaya ya kumbura farat ɗaya, kan nono ya canza launi ko ya yi sanyi, zazzaɓi ko mugunya suka bayyana, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi miki wuya.