Yadda Ake Zaɓen Salon Harafi Ɗaya Don Boko da Ajami

Mai shirya allon makarantar Islamiyya a Tudun Wada, ko katin walimar sauka a cikin birnin Zariya, yakan buƙaci boko da rubutun Larabci a fuska ɗaya, kuma aikin ba ya kyau sai rubutun biyu sun dace da juna wajen kauri da tsayi. Salon harafin kwamfuta (font) da aka gina da da'ira da miƙaƙƙen layi, wanda haruffansa ba su da 'yan ƙafafu, irin Futura da Paul Renner ya fitar a Jamus a 1927, yana tafiya sosai da Kufi, wato salon rubutun Larabci mai kusurwoyi.

Da farko, a nemo salon da aka daidaita Larabcinsa da bokonsa tun wajen zane. Cairo da Alexandria na Mohamed Gaber, da kuma Tajawal, duk ana samunsu kyauta a shafin intanet na Google Fonts.

Mataki na biyu shi ya fi muhimmanci a ganina, wato gwada haruffa masu lanƙwasa kafin a fara duba kyau. A rubuta jimla kamar "Ɓera ya ɓata ɗakin Ɗanladi a Ƙofar Doka da ƙura", a ƙara girmanta, sannan a dubi kowane harafi da kyau. Idan salon ba shi da ƙ ko ɗ, kwamfuta takan aro su daga wani salon ba tare da sanarwa ba, sai su fito sirara a tsakiyar kalma, ko kuma a ga akwati a gurbinsu. Idan aka ga haka, a sauya salon, kada a cire lanƙwasa a mayar da ƙofa "kofa".

Bayan nan a gwada ajamin kansa, domin salon da aka yi don Larabci ba lallai ne ya ƙunshi ɗigon imala, wato ɗigon ƙasan harafi mai ba da wasalin "e", da harafin "tsa" mai ɗigo uku ba. In babu su, a rubuta ajamin da salon Harmattan ko na Alkalami, waɗanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta tsara don ajamin Afirka ta Yamma.

Daga ƙarshe, a ɗan ƙara wa Larabcin girma, a buɗe tazarar layuka don wasula su sami wuri, a kuma tabbatar haruffan sun haɗu daga dama zuwa hagu. A mayar da aikin PDF, a buga gwaji ɗaya a duba shi daga nesa kafin a kai maɗaba'a.