Darasi Na Bakwai: Bashi Da Littafin Gida

Duk wanda ya taɓa halartar jana'iza a ƙasar Hausa ya ji sanarwar nan. Kafin a sallaci gawa, ko bayan an dawo daga maƙabarta, wani dattijo zai miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya sami iyalansa, wanda kuma mamacin ke bi ya ji tsoron Allah ya kawo. Ana yin haka ne domin ba a raba gado sai an biya bashi.

Lokacin da mahaifina ya rasu, mutum uku suka zo. Biyu mun san da zamansu. Na ukun ya zo ranar sadakar uku, ya ja yayana gefe cikin zaure ya ce, "Wallahi da nauyi, amma Baba ya karɓi kuɗin taki a hannuna da damina." Yayana ya tambaye shi ko akwai takarda ko shaida. Ya ce babu, tsakaninsu ne da Allah. Muka sayar da tunkiya biyu muka biya shi, domin ba ma son mu bar mahaifinmu da nauyi a kabari. Amma har yau akwai 'yan gidanmu da gaisuwarsu da mutumin nan ba ta wuce ta fatar baki, kuma mai yiwuwa ne gaskiya ya faɗa. Da Baba ya iya rubutu, da layi ɗaya ya raba gardama.

Ku kuwa yanzu kun iya. Kun san baƙaƙe, kun san lambobi, kun iya tarawa da ɗebewa. A wannan darasi za mu ɗora wannan ilimi a kan bashi.

Rubuta shi

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ɗan kasuwa na cin bashi, ma'aikaci na ci, gwamnati ma na ci. Saboda haka kada kowa ya ji kunya a cikin ajin nan. Abin da ke jefa gida cikin wahala shi ne bashin da mai shi bai san adadinsa ba. Ka tambayi magidanci nawa ake binsa, sai ya ce, "Ai 'yan canji ne wajen mai shago." In aka zauna aka tara na mai shago, da na mai kemis, da ragowar kuɗin haya, da na ɗan'uwan da ya ranta masa lokacin suna, sai ka ga ya yi shiru.

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take. Ta yi umarni a rubuta shi, a sa masa lokaci, a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Duk da haka mutum zai ce yana jin nauyin ya ce wa amininsa su rubuta, kada ya ga kamar bai yarda da shi ba. Ni a ganina wanda ya ce a rubuta shi ne mai son zumuncin ya ɗore.

Ka sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, ka ware shi don wannan kawai. Kowane bashi ka ba shi layinsa: ranar da aka karɓa, sunan mai kuɗi, adadi, da ranar biya. Misali:

5 ga Yuli. Mai shago. Shinkafa kwano 2 da mai. ₦9,500. Biya: ƙarshen wata.

12 ga Yuli. Yaya. Kuɗin asibiti. ₦30,000. Biya: da kaka.

Duk lokacin da ka rage wani abu, ka rubuta a ƙasa, ka ɗebe, mai kuɗin ya gani da idonsa. Idan kuɗin da yawa, a yi takarda biyu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, mutum biyu su shaida. Idan ta waya ka tura, kada ka goge saƙon banki. Idan wajen mai POS ne, ka karɓi rasit ka manna a littafin.

Nawa zan mayar gaba ɗaya?

Mai ba da bashi da ruwa ba ya fara gaya maka jimla. Abin da zai ce shi ne, "Ɗan abu kaɗan ne a kai." Kai ne za ka zauna ka buga lissafi.

A ce ka karɓi ₦20,000 a manhajar bashi ta waya, aka ce bayan kwana 30 ka mayar da ₦24,000. Ruwan ₦4,000 ke nan, wato a kowace ₦100 an ɗora maka ₦20 a wata guda. Wata ya cika ba ka da uwar kuɗin, sai ka biya ruwan kawai aka ɗaga maka. Idan ka yi haka wata 12, ka biya ₦48,000, kuma ₦20,000 ɗin nan tana nan daram ana binka. Ku ɗauki fensir ku buga da kanku: 4,000 sau 12.

Irin waɗannan manhajoji sun yawaita, kuma sauƙinsu ne tarkonsu. Ba jingina, ba mai tsaya maka, cikin 'yan mintoci kuɗi sun shigo. Amma lokacin saukar da manhajar ka danna ka yarda ta ga lambobin da ke cikin wayarka. Wani ɗan ajinmu, tela, ya makara da kwana biyar. Sai ga saƙo ya je wa surukinsa da limamin unguwarsu ana kiransa macuci. Ya ce mini, "Malam, kuɗin ba su dame ni kamar yadda na kasa haɗa ido da surukina ba." Don ya rufe wancan, ya ci na wata manhajar, ya rufe ta biyu da ta uku, har keken ɗinkinsa ya tafi. A Najeriya akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda ke yi wa waɗannan kamfanoni rajista, kuma tana karɓar ƙorafi a kan masu tozarta mutane ta wannan hanya. Wanda aka yi wa haka ya ajiye saƙonnin, ya kai ƙara. Amma mafi alheri kada a shiga. Ga Musulmi kuma maganar ta wuce ta asara, domin kuɗin ruwa haramun ne ga mai ci da mai bayarwa.

A ƙauye abin yakan zo da wata kama. Tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, sai mai hali ya ba ka buhu ɗaya ka biya biyu da kaka, ko ya ba ka kuɗi ya saye amfanin gonarka da arha tun yana tsaye. Wanda ya biya buhu biyu da kaka, rumbunsa zai riga na bara ƙarewa, sai ya koma wajen mutumin nan tun kafin damina ta yi nisa. Ka auna abincin da gidanka ke ci a wata, kwano nawa ne, ka ninka sau 12, ka ware shi kafin ka kai ko tiya ɗaya kasuwa.

Bashin karatu

Da yawanku kuna da 'ya'ya ko ƙanne a jami'a, ko kwalejin ilimi, ko foliteknik, kuma kun ga yadda kuɗin rajista ya yi tsalle a 'yan shekarun nan. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar bashin ɗalibai a watan Yunin 2023, aka sake mata fasali ya sa hannu a sabuwar a watan Afrilun 2024. Asusun da ke kula da shirin sunansa NELFUND, kuma ya buɗe shafin neman bashin a watan Mayun 2024.

Ga yadda yake. Bashin na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi. Babu kuɗin ruwa a kai. Kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, ba ya biyowa ta hannun ɗalibi. Akwai kuma kuɗin ɗawainiya ga wanda ya nema, ₦20,000 a wata lokacin da aka fara shirin, wanda ke shiga asusun ɗalibin. Ɗalibi ne ke cikewa da kansa a intanet, da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa (NIN), da ta tantancewar banki (BVN), da lambar jarrabawar JAMB, da lambar shigarsa makaranta. Duk wanda ya ce ku kawo wani abu zai "yi muku hanya", ku riƙe kuɗinku. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa ba da kashi 10 na ribarsa.

Wannan bashi ya fi ƙarfin a kwatanta shi da na manhaja, kuma ina ganin gidan da zai cire yaro daga makaranta saboda kuɗin rajista ya kamata ya neme shi. Abin da nake jin tsoro shi ne yadda nake jin wasu na kiransa "rabonmu na gwamnati". Bashi ne, da sunan ɗanka aka rubuta shi, zai fito makaranta yana ɗauke da shi. Ku zaunar da yaron ku yi lissafi tare. A ce rajista ₦100,000 ce a shekara, ya kuma karɓi kuɗin ɗawainiya na wata 10, wato ₦200,000. Shekara ɗaya ₦300,000. Shekara huɗu ₦1,200,000. In Allah ya ba shi aikin ₦100,000 a wata, ana cire ₦10,000, zai yi wata 120 yana biya, shekara 10 cur. Da rajistar kaɗai ya karɓa, ₦400,000, da wata 40 sun ishe shi. Kun ga ashe kuɗin ɗawainiyar ne ya fi nauyi. Ɗalibin da ke kwana a gidan iyayensa yana cin tuwon gida, ya yi tunani sosai kafin ya nema. Wanda ke karatu a wani gari ba shi da mai aiko masa, wannan hujjarsa a fili take.

Kuma kada uba ya sa ido a kan ₦20,000 ɗin nan ya mai da ita kuɗin cefane. Na ga inda aka yi haka. Yaron ne zai biya.

Shafin wata

A bayan littafin nan naka, ka buɗe shafi don kowane wata. A sama ka rubuta abin da ke shigowa, ka rubuta na gaskiya, na watan da kasuwa ba ta yi ba. A ƙasa ka jera abin da ba makawa: abinci, haya, makarantar yara, magani, kuɗin mota, wuta da ruwa. Haya da kuɗin makaranta ba kowane wata ake biya ba, shi ya sa suke zuwa kamar ba a san da su ba. Raba su. Hayar ₦120,000 a shekara ₦10,000 ce a wata. Ka riƙa cire ta kana ajiyewa inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba.

Nan adashi ke da amfani, kuma iyayenmu mata sun riga mu gane shi. Mutum 10 na zuba ₦10,000 a wata, kowa ya kwashi ₦100,000 in layinsa ya zo, ba ruwa ba ƙari. Ka roƙi uwar adashi ta sa kwasarka ta faɗo watan haya ko watan komawa makaranta. Sai dai ka tuna, wanda ya kwasa da wuri bashi ne a kansa har zagaye ya ƙare, don haka shi ma ya shiga littafi. Kada kuma ka shiga zubin da ya fi ƙarfinka don ganin ido.

Biki da suna su ne ƙofar da bashi ya fi shigowa gidajenmu. Lefe, kayan ɗaki, gara, anko. Uba zai sayar da gona ko ya jinginar da ita don kada a ce ɗakin 'yarsa bai cika ba, baƙi su ci su watse cikin kwana biyu, shi kuma ya shekara uku yana biya. Ba na cewa kada a yi wa 'ya abin da ya dace. A fara tanadi da wuri, kwano ɗaya yau, zani ɗaya gobe, kamar yadda kakanninmu ke yi, a kuma tsaya inda ƙarfi ya tsaya.

Akwai maganar da na san ba kowa zai so ta ba. Maigida, kuɗin da ka karɓa a hannun matarka, na ƙosanta ko na adashinta ko na akuyarta, ka ce "ranta mini", bashi ne kamar kowane. Dukiyarta tata ce. In ba ta ce ta yafe ba, ka rubuta shi a layi ɗaya da na mai shago. Uwargida, ke ma kayan da kike ɗauka wajen dillaliya a ɓoye, ranar da ta zo ƙofar gida tana sallama ba zai ɓoyu ba. Ku zauna ku biyu a kan littafin nan ko sau ɗaya a wata.

Idan basussukan sun riga sun taru, ka fara kashe wanda ke haihuwa, wato mai ruwa, domin kowace rana ƙaruwa yake. Sauran kuma kada ka canza hanya don ka hango mai kuɗi. Ka je ka same shi har gida tun kafin ranar ta zo, ka ce, "Alhaji, ban manta ba. Ga ₦5,000, sauran zan riƙa kawo ₦5,000 duk ƙarshen wata." Yawancin mutane za su karɓa su yi maka uzuri. Abin da ke ɓata musu rai shi ne kashe waya da ɓuya, ko su gan ka da sabon ɗinki alhali kuɗinsu na hannunka.

Aikin gida

Wani ya karɓi ₦50,000, aka ce ya riƙa biyan ₦6,500 duk wata har wata 10. Nawa zai biya gaba ɗaya? Nawa aka ɗora masa?

Ɗaliba ta ci bashin karatu ₦360,000. Albashinta ₦90,000, ana cire kashi 10 cikin 100. Wata nawa za ta yi tana biya?

Sai babban aikin. Kafin zama na gaba, kowa ya sayi littafinsa, ya rubuta duk bashin da ake binsa da wanda yake bi, har na ₦200, ya tara kowane ɓangare. Ba za mu karanta na kowa a gaban aji ba. Wanda lissafi ya rikice masa ya same ni bayan an tashi, mu duba tare.