Kafin ka shiga ramin kwal

Rani biyu na yi ina haƙar kwal a wajen Ankpa, jihar Kogi, kafin in dawo Maradi in kama sana'ar kabu-kabu. Yanzu da aka gama girbin gero, samari na tare ni a tasha suna tambayar yadda aikin yake, shi ya sa na rubuta wannan.

Kada ka ɗauka irin aikin Anu Araren ne na wajen Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR ke yaye ƙasa da manyan injuna don ba Arlit da Agadas wuta. Can inda na yi, rami ne da ake shiga a duƙe, da diga da shebur da tocila ɗaure a goshi.

Ka gama ciniki tun a bakin rami: nawa ne buhu, wa ke ƙirga, yaushe ake biya. Wani mai rami ya cinye mini kuɗin sati biyu don na yarda da "sai mota ta zo".

Sai maganar iska, wadda ita ce ta fi ɗaukar rai. Mu nan mun saba ganin masu haƙar rijiya na zura fitila don su gane ko iskar ƙasa na da kyau. Don Allah kada ka gwada haka a ramin kwal. Kwal na fitar da wata iska da ba ta da wari ko launi, tartsatsi ɗaya ya isa ta tashi da kowa. Ashana da taba a bar su waje. Akwai kuma mugunyar iska mai nauyi da ke kwanciya a ƙasan rami. In kanka ya fara sara, numfashi na yi maka wuya, ƙafafu sun yi sanyi, ajiye diga ka fita, ko da buhun saura kaɗan ya cika. In wani ya faɗi a ciki, kada ka ruga ba igiya a ƙugu, ba masu ja daga waje.

Rufin rami kuwa, wani dattijo ɗan Tasawa ne ya koya mini sauraronsa. Ranar farko ya karɓi digata ya ƙwanƙwasa sama, ya ce, "Yaro, ka ji?" Na ce, "Na ji, Baba." Dutse mai lafiya ƙara yake da tauri, wanda ya saki, kamar ganga yake amsawa. In itacen tokara ya fara kuka, ko ƙasa na zubo maka a wuya kaɗan-kaɗan, ka bar wurin. Ginshiƙin kwal da aka bari yana riƙe da sama ba a taɓa shi, kome kyansa. Duk ɗan Maradi na tune da Garin Liman ta Ɗan Isa a Nuwamba 2021, da ramin zinariya ya rufta da mutane. Ta kwal ma haka take zuwa.

Da ruwan farko ya sauka, ka tattara ka dawo gona, rami ba ya shiguwa da damina. Ka sayi takunkumin ƙura na gaske, rawani ba ya tare ta. Ni da rawani na yi, kuma wata uku bayan dawowata ina tofar da baƙin majina.