Masu jinya, ku ma ku kula da kanku

Salam 'yan uwa, mai kula da mara lafiya ko tsohon da ya rikice, don Allah kar ka ce kai kaɗai za ka ɗauka. Na yi jinyar mahaifiyata, barci bai wuce awa 4 ba, na koma yawan fushi da mantuwa har ina jin kunyar kaina, ashe gajiya ce ba rashin imani ba. Abin da ya taimake ni, na raba kwanaki da ƙannena na rubuta a takarda, wane Talata wane Juma'a, in ba ka faɗa ba kowa zai ɗauka kana lafiya. In baƙin ciki da rashin cin abinci suka wuce sati 2, ka ga likita kai ma.