Motar da Ke Mutuwa a Hanya Ta Kuma Tashi da Kanta: Yadda Ake Gano Ciwonta

Tawa ƙirar 1998 ce, mai shan fetur, mai nozul ba kafireta ba, kuma ta ci kilomita fiye da 280,000. Kusan wata biyu ta yi tana maimaita mini abu guda. Da safe murɗa makulli ɗaya ta tashi, mu kama hanya lafiya lau, sai an yi minti 20 ko 25 inji ya ɗauki zafi, kawai ta ɗauke. In yi ta murɗawa, sitata na juyawa, inji ya ƙi kamawa. Idan na haƙura na zauna kamar minti 15, sai ta tashi kamar ba ita ba. Sau uku ina kai ta gareji, sau uku tana tashi a gaban bakanike ko tari babu. Na sake fulogi, na sake famfon mai, ciwon yana nan daram.

Bakaniken ba shi da laifi. Ciwon da ke zuwa ya tafi sai a lokacin da ya motsa ake kama shi, kuma a lokacin kai kaɗai ne a wurin. Saboda haka rabin aikin naka ne, kai mai mota, ko da ba ka taɓa riƙe sifana ba.

Kafin komai, ka san abin yi idan ta mutu kana cikin gudu. Sitiyari zai yi nauyi amma yana juyawa. Birki zai ba ka taku ɗaya ko biyu masu laushi, daga nan ya yi tauri, don haka kada ka yi ta tattaka shi, taka sau ɗaya ka riƙe. Kunna fitilun haɗari, ka gangara gefen titi. Kada ka zare makulli mota na tafiya, sitiyari zai iya kullewa a hannunka.

Ajiye ɗan littafi da biro a mota. Duk ranar da ta yi, rubuta minti nawa aka yi da tashi, inji da zafi ko da sanyi, mai ya kai ina a tanki, kana hawan tudu ne ko ka tsaya a danja, an yi ruwa ko an wanke inji, ka faɗa rami ko a'a. Sau huɗu ko biyar ya isa ka fara ganin bakin zaren. Ni sai da na rubuta na lura cewa ba ta taɓa yi mini da sanyin inji ba, ko sau ɗaya.

Tambaya mafi girma ita ce yadda take mutuwa. Inji abu uku yake nema: mai, iska, da wutar fulogi a kan lokaci. Idan mai ne ya yanke, mota kan yi gargaɗi. Za ta fizga, ta shaƙe, ka taka totur ta ƙi amsawa, ƙarfi ya yi ta raguwa har ta mutu a hankali. Idan wuta ce, babu sallama, kamar an kashe makulli. Ka dubi allurar da ke nuna juyin inji a daidai wannan lokaci. Idan motar mai giyar hannu ce kuma tana cikin giya, tayoyi na ci gaba da juya inji, to allurar bai kamata ta faɗi ƙasa nan take ba. In ta faɗi sifili alhali mota na gangarawa, saƙon juyin inji ne ya yanke, ko wutar da ke ciyar da koyil, wanda ke samar wa fulogi tartsatsi. In kuma duk fitilun gaban direba suka ɗauke tare, ka nemi matsalar a kan batir, babbar wayar da ke haɗa batir da jikin mota, ko mazaunin makulli da ya cinye.

Da ta mutu, kada ka jira ta huce. Mintunan nan ne dukiyarka. Kashe rediyo, murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya. A yawancin motoci, famfon mai da ke cikin tanki zai yi 'yar ƙara kamar daƙiƙa 2 ya yi shiru. Idan ba ka ji ba, duba fiyus da rile na famfon, wato ɗan makunnin da ke ba shi wuta. Rile da dalmarsa ta tsage yakan yanke idan ya ji zafi, ya dawo idan ya huce, kuma sau da yawa akwai wani irinsa sak a akwatin fiyus, kamar na oda, da za ka musanya ka gwada. Sai ka buɗe murfin tanki. In ka ji ya zuƙi iska da ƙarfi kuma mota ta tashi bayan haka, hanyar numfashin tanki ce ta toshe.

Daga nan gwada wuta. Ka riƙa yawo da tsohon fulogi mai kyau. Zare wayar fulogi ɗaya, sa mata shi, jingina gindinsa a ƙarfen inji, wani ya murɗa makulli kai kana kallo. Kada ka riƙe da hannu, kuma kada ka yi wannan inda ake jin warin fetur. Tartsatsi shuɗi mai ƙara yana nufin wuta lafiya, sai ka koma kan mai. In babu ko ɗigo, waɗanda ake tuhuma su ne koyil, na'urar kunna wuta da ke cikin distiributa a tsofaffin motoci, da sensar kiranshaf, wadda ke aika saƙon juyin inji. Dukkansu suna da hali ɗaya: siririyar waya ko dalma a cikinsu takan buɗe da zafi ta rabu, ta huce ta sake haɗewa. Shi ya sa mota ke tashi bayan ta huta.

Idan wuta na nan kuma famfo na ƙara, wannan bai wanke famfon ba. Ƙara daban, ƙarfin turawa daban. Yawancin motoci masu nozul suna son matsin mai kusan "bar" 3 a ma'aunin matsi, masu kafireta kuwa abin da suke so bai kai rabin "bar" ɗaya ba. Sai an ɗaura ma'auni a kan bututun mai ake sanin gaskiya, kuma a duba shi lokacin da ake taka totur, ba a tsaye kawai ba. Famfon da ya gaji yakan wadatar da inji a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, amma ya gaza a tudu. Filtar mai da ta toshe ma haka take yi, kuma ita ce mafi sauƙin sakewa, don haka da ita ake farawa. Ni ban yi haka ba, na sayi famfo a kan zato, kuma har yau tsohon yana ajiye, lafiyarsa ƙalau. Ka daina barin tanki ya kusa ƙafewa, domin fetur ɗin ne ke sanyaya famfon.

Wata motar ba ta mutuwa a gudu, sai ka sassauta ko ka tsaya. Wannan yawanci maganar iska ce. Bawul ɗin da ke riƙe silo yakan cika da baƙin datti, haka ma bakin totur, wankewa kawai suke so. Bi tiyo-tiyon roba ɗaya bayan ɗaya, musamman babban da ke tsakanin filtar iska da inji. Lanƙwasa shi ka duba cikin ninkinsa, can tsaga ke ɓuya, tana buɗewa idan inji ya motsa a kan mazauninsa. Iskar da ta shiga ta ɓarauniyar hanya kwamfutar mota ba ta lissafa ta, sai mai ya yi kaɗan. Lafiyayyen inji mai zafi yakan zauna tsakanin juyi 700 zuwa 900 a minti ba ya rawa.

Akwai kuma wadda ba ta mutuwa ma, ƙarfi kawai take rasawa, ka taka har ƙasa ta ƙi wuce wani gudu, abin na ƙaruwa yayin da tafiya ke nisa. A nan ina zargin tukunyar tace hayaƙi ta kan bututun salansa da ta narke ko ta farfashe ta toshe hanya. Bubbuga ta da sanyi, in ka ji kamar tsakuwa a ciki ta tafi. Bakanike zai iya kwance sensar hayaƙi ta gaba na ɗan lokaci, in ƙarfi ya dawo to an gano.

Kada ka raina wayoyi. Bar inji a kunne, ka bi soket ɗaya bayan ɗaya kana girgizawa a hankali, hannunka nesa da fanka da bel. In inji ya yi tuntuɓe a wani wuri, nan ne. Auna batir: wajen bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 a kunne. Kan batir da ka iya juyawa da hannu bai ɗauru ba.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, inda ake karanta lambobin ciwo da kwamfutar mota ta adana. A sa na'ura a karanta kafin kowa ya cire kan batir, domin cirewa na iya goge abin da kwamfuta ta adana. P0335 na nuni ga layin sensar kiranshaf, P0171 mai ya yi kaɗan a kan iska, P0300 fulogi na tsallake wuta a silinda daban-daban. Lambar tana nuna unguwar da ciwo yake ne, ba ta ce ga kayan da za ka saya ba. Kuma rashin lamba ba shaidar lafiya ba ne. Tawa ba ta taɓa ajiye ko ɗaya ba.

Ranar da na kama ta, ta mutu a minti na 23. Famfo ya yi ƙararsa, fulogin gwaji bai ba da wuta ba, allurar juyi ko motsi ba ta yi ba ina murɗawa. Na zuba ruwan sanyi kaɗan a kan sensar kiranshaf kawai, inda take kusa da babban fulin inji, na murɗa, ta tashi nan take. A gida na cire ta, mai waya biyu ce, irin wadda ake iya aunawa da mita. Da sanyi ta nuna lafiya. Na tsoma kanta cikin ruwan zafi mita na haɗe, kafin minti 3 layin ya yanke gaba ɗaya. Na sa sabuwa, na ɗaure wayarta nesa da bututun hayaƙi, na fita na yi tafiyar awa ɗaya da rabi ba tsayawa, littafin yana kan kujerar gefe ban buɗe shi ba.