Shawara Ga Masu Rubuta Kiɗa Da Kwamfuta

'Yan'uwa, kafin mu ga laifin manhajar da ke sauraron kiɗa ta mayar da shi rubutu, mu duba yadda muka naɗi sautin. A ɗauki abin kiɗa ɗaya shi kaɗai, a kashe fanka, a nisanci janareto. Idan ganga ta haɗu da sarewa, manhajar ruɗewa take yi.

Kuskuren da na fi gani shi ne ninka sauti: ka buga sautin da ake kira A mai girgiza sau 440 a daƙiƙa, ta rubuta maka na 880. Sai ka sa kunne ka gyara da kanka.

Goge kuwa ya fi wuya, domin sautinsa zamewa yake yi tsakanin na fiyano. Ku nemi manhajar da ke bin lanƙwasar sauti, irin Basic Pitch ta Spotify.